Ƙoda da fosfor: me ya sa saniya ke tauna ƙashi, rago kuma fitsari ya tsaya masa?

Makiyayan Agye, Gazawa da Gidan Runji sun san wannan: da bazara sai a ga saniya ta bar ciyawa tana gurguran tsohon ƙashi. Ba shaƙiyanci ba ne. Fosfor ne ya yi mata ƙaranci, wato sinadarin da ke gina ƙashi, yake kuma shiga cikin nono. Kusan kashi 80 cikin 100 na fosfor ɗin jikinta a ƙashi da haƙora yake. Jigawar jihar Maradi kuwa ba ta da shi da yawa, busasshiyar ciyawa da karan hatsi sun fi rashinsa.

Ƙoda ce mai gadinsa. Idan ta tace jini, fosfor yakan bi ruwan da zai zama fitsari. A bangon ƙananan bututunta akwai wasu ƙofofi da ke maido shi cikin jini. Ba kullum yawansu ɗaya ba. Idan fosfor ya yi yawa, saƙo na zuwa ta jini daga ƙashi da wasu ƙananan ƙulluttai na wuya. Masu isar da saƙon a cikin ƙwayoyin ƙoda su ake kira kinas: su ke sa a janye ƙofofin, fosfor ya wuce cikin fitsari. Idan ya yi ƙaranci, sai a ƙara ƙofofi.

Ga dabba mai tuƙa, ƙoda kusan komai take maidowa. Rarar ta miyau take bi zuwa tumbi, ta fita da kashi. To amma ƙoda tsarewa kawai take yi, ba ta ƙirƙira. In babu a abinci, sai jiki ya ci daga ƙashinsa: tafiya ta sandare, nono ya ragu, saniya ta daɗe ba ta ɗauki ciki ba. Mafi haɗari shi ne ƙashin mushe, don yakan ɗauke da gubar da ke shanye jiki har ta kashe. Haka aka yi asarar shanu a Afirka ta Kudu da yankin Ferlo na Senegal. Ku ƙone mushe ko ku binne shi da zurfi.

Kanwa da gishiri suna da amfaninsu, amma ba sa maganin wannan. A nemi dutsen lasa mai fosfor wajen ma'aikatan kiwo, ko a haɗa da ɗan dusa da tunkuza. Takin zamani kuma na gona ne, kada a ba dabba.

Masu turkar ragon layya, taku matsalar akasin haka ce. Dusa cike take da fosfor. Ragon da ake ɗura wa dusa ba isasshiyar harawa ba ya tuƙa sosai, miyau ya ragu, sai nauyin ya koma kan ƙoda. Fosfor ya taru a fitsari ya zama tsakuwa, ta toshe hanyar fitsarin namiji da yake siririya ce. Yawan kanwa ma yana ƙara taimaka wa tsakuwar. A ba shi harawar wake ko ta gyaɗa kullum, ruwa kada ya yanke. In kun ga yana yunƙuri, fitsari na ɗiga kaɗan-kaɗan, ku kira likitan dabbobi a ranar, domin mafitsara tana iya fashewa cikin kwana biyu ko uku.