Yadda Ake Auna Bukatar Gida Kafin a Jawo Wayar Gilashi ta Intanet

Tun daga shekarar 2024, lokacin da gwamnatin tarayya ta bayyana ƙudurinta na shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wayar gilashi, wadda masu sana'ar ke kira faiba, a kan kimanin kilomita 35,000 da ake da su a ƙasa a lokacin, zancen intanet mai tsananin gudu ya bar ofisoshin Abuja da Legas ya shigo majalisun hira na garuruwa irin Birnin Kebbi, har ya zamana magidanci a unguwar Gesse, wanda jiya-jiya damuwarsa ba ta wuce lungun da zai tsaya a tsakar gida sabis ya kama ba, yau yana jin ana ambaton megabit 100 da megabit 1,000, ana nuna masa cewa gidan da ba shi da su an bar shi a baya. To, da yake kuɗin da za a kashe daga aljihun maigida za su fita, kuma yarjejeniyar ta wata-wata ce ba ta rana ɗaya ba, ya kamata mutum ya san yadda ake auna bukata tun kafin dillali ya yi masa sallama a ƙofar gida.

Ita dai wannan waya, bisa haƙiƙa, zare ne na tataccen gilashi wanda kaurinsa bai ɗara na gashin kai da yawa ba, kuma abin da ke gudana a cikinsa haske ne, ba wutar lantarki ba. Wani masani mai suna Charles Kao ne ya kafa hujja a 1966 cewa idan aka tsarkake gilashi daga gurɓata zai iya kai saƙo nesa, aka kuma ba shi lambar Nobel a kan haka a 2009. Akasarin manyan wayoyin da ke haɗa Nijeriya da sauran duniya ta ƙarƙashin teku suke zuwa su sauka a gaɓar Legas, irin su MainOne da Glo-1 a 2010 da Equiano ta kamfanin Google a 2022, daga nan sai a biyo da su gefen manyan hanyoyi har Arewa. Wahalar duka tana cikin zangon ƙarshe, wato daga bakin titi zuwa ɗakin mutum, domin kowace mita sai an haƙa ko an rataya a turke, kuma kuɗin izinin haƙa, wanda gwamnoni suka amince a tsayar a kan naira 145 kowace mita, ya daɗe yana cikin abubuwan da ke hana ruwa gudu a jihohi da dama.

Malaman usulu, irin su Imamu Shaɗibi, sun kasa maslahar ɗan Adam gida uku: ta larura wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita, da ta bukata wadda rashinta ke jawo ƙunci, da ta kyautatawa wadda ado ce kawai. Wannan mizani, ko da yake ba domin intanet aka kafa shi ba, shi ne mafi dacewa da mas'alar da ke gabanmu, kuma da shi za a fara.

Abu na farko, ka samu takarda da alƙalami bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya dawo gida, ka ƙidaya na'urorin da ke aiki a sa'a guda, ba waɗanda ke cikin gidan gaba ɗaya ba, gama gida yana iya tara waya goma sha biyu alhali huɗu ne kaɗai ke jan wani abin kirki a lokaci ɗaya. A gaban kowace na'ura ka rubuta aikinta da ajinsa: kiran bidiyo da ɗan da ke karatu a wata ƙasa, ko darasin ɗalibar da ke Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru ko Jami'ar Tarayya da ke hanyar Kalgo, ko taron ofis, ko sauraron tafsiri, ko kallon ƙwallo. Kada ka yi wa kanka ƙarya a wannan jadawali, domin duk lissafin da zai biyo baya a kansa zai hau.

Sa'an nan sai hisabi, kuma nan ne ya cancanci a daɗe. Kiran murya ta WhatsApp bai kai megabit 1 ba a daƙiƙa. Kiran bidiyo mai kyau, irin na Zoom, yana neman tsakanin 3 da 4. Kallon YouTube da hoto tangaran, wanda ake rubuta wa 1080p, yana neman kimanin 5, shi kuwa mafi tsananin kyau, wato 4K, wanda sai a babbar talabijin ido ke rarrabe shi, yana neman tsakanin 15 da 20. Alal misali, gidan da maigida ke kallon labarai a talabijin da megabit 5, samari biyu na kallon nasu da 10, uwargida na kiran bidiyo da 4, sauran wayoyi na musayar saƙonni da 3, jimlarsa 22 ke nan. Idan aka ƙara sulusi saboda abin da ba a rasa ba, an tashi a wajen 30. Ko da an mai da talabijin ɗin 4K, lissafin ba zai haura 50 ba. Ba banza ba ne tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar zamanin ministan sadarwa Isa Ali Pantami, ya sa megabit 25 a matsayin abin nema ga birane, 10 ga karkara.

Manomin shinkafa a fadamar Argungu ya riga kowa fahimtar wannan, domin ya san cewa wanda ke da 'yar gona kadada guda ba ya sayen injin ban ruwan da aka ƙera wa kadada ashirin, kuma ya san cewa komai girman injin, idan tiyon da aka ɗaura masa siriri ne, ko rijiyar ba ta kawo ruwa, abin da zai isa kwami bai wuce abin da mafi ƙuncin wuri ya bari ya wuce ba. Haka intanet take: gudun da ka saya ba ya amfani sai gwargwadon abin da na'urarka, da rautarka, wato na'urar da ke watsa intanet a cikin gida, da wurin da kake ɗebo saƙon za su iya ɗauka.

A kula kuma da wani rikici da ke cikin alƙaluman. Kamfani da megabit yake sayar da gudu, waya kuwa da megabayit take nuna nauyin abin da aka sauke, kuma bit 8 ne ke yin bayit 1. Saboda haka fayil mai gigabayit 1 zai ɗauki kimanin minti 13 a kan megabit 10, daƙiƙa 80 a kan megabit 100, daƙiƙa 8 a kan megabit 1,000. Tazarar farko babba ce, kowa zai ji ta a jikinsa. Ta biyu kuwa minti ɗaya ne da 'yan kai, kuma sai mutum ya tambayi kansa sau nawa a wata yake sauke irin wannan kaya, da nawa zai biya domin ya fanshi wannan mintin. A ganina, ga akasarin gidaje, abin da ya haura megabit 100 ya fita daga babin bukata ya shiga na ado.

Mataki na gaba shi ne ka gwada abin da ke hannunka yanzu, da manhajar Speedtest ko shafin Fast.com, da hantsi da kuma bayan magariba, har tsawon mako guda, kana rubuta abu uku: gudun saukewa, da gudun turawa, da jinkirin amsa wanda ake aunawa da milisakan. Sau da yawa za ka tarar cewa da safe layin wayarka na ba da abin da ya ishe ka, da dare kuwa, sa'ad da unguwa duka ta hau kan turken sadarwa ɗaya, sai ya durƙushe. Idan haka ne, abin da ka rasa ɗorewa ce, kuma nan ne fifikon wayar gilashi na gaskiya yake, domin megabit 30 da ba su motsi dare da rana sun fi 150 da ke zuwa da asuba su ɓace da isha'i.

Idan ka tabbatar kana bukata, to sai ciniki, kuma tun da shari'a ta hana cinikin da ke da garari, wato wanda mai saye bai san haƙiƙanin abin da ya saya ba, wajibi ne ka yi tambaya har sai duhu ya yaye. Ka tambaya ko wayar gilashin za ta shigo har cikin ɗaki, ko kuwa a bakin unguwa za ta tsaya a ƙarasa da faranti ta iska, gama duka biyun ana tallarsu da suna ɗaya. Ka tambayi mafi ƙarancin gudun da suka lamunce, domin abin da ke jikin takardar talla mafi yawansa ne. Ka tambayi gudun turawa daban. Ka tambaya, idan sun ce data ba iyaka, ko akwai adadin da in an kai shi ake rage gudu, kuma nawa ne. Wannan sharaɗi yawanci da ƙananan haruffa ake rubuta shi, alhali shi ne ruhin yarjejeniyar, tun da kallon sa'a ɗaya a kan megabit 5 yana cin fiye da gigabayit 2, a 4K kuwa yana iya kai wa 9. Ka tambayi kuɗin jawowa, da wanda ya mallaki na'urorin in an rabu, da inda masu gyaransu suke zaune, a Birnin Kebbi ne ko sai an kira su daga Sakkwato, da kwana nawa suke ɗauka in waya ta tsinke. Duk amsar da aka ba ka, a rubuta ta. Kafin ka sa hannu kuma, ka nemi maƙwabcin da ya riga ka shiga ka ce masa, "Alhaji, don Allah yaya abin nan yake yi muku da damina?" Shaidarsa ta fi ta dillali nauyi. Kada ka biya shekara guda gaba ɗaya, ko da an yi maka rangwame, kuma ka tuna farashi na motsi, kamar yadda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin sadarwa har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Bayan wannan sai batun wuta, wanda mutane ke mantawa har sai an gama aiki. Wayar gilashi ba ta ɗauke da lantarki, saboda haka akwatin da ke karɓar hasken da rautar da ke watsa shi a gida duk suna mutuwa da zarar an ɗauke wuta. Sa'ar da aka yi ita ce cinsu kaɗan ne, su biyun ba su cika wuce wat 20 ba, don haka ƙaramin batir na musamman, ko layi ɗaya daga inbata ko sola, zai riƙe su sa'o'i masu yawa. A sa kuɗin wannan cikin lissafi tun farko, ko da zai sa a sauko daga babban tsari zuwa matsakaici.

Ranar da masu aiki suka zo, kada ka bar su su kafa rauta inda ya fi musu sauƙi. Gidajen Gesse na bulo da siminti ne, da yawa kuma an yi musu ƙarin ɗakuna da sashen baƙi, kuma kowane bango yana rage ƙarfin Wi-Fi. Sai a sa ta a tsakiyar gida, a sama, a sarari, nesa da bayan talabijin da cikin kabad, inda iska ke ratsawa, domin zafin Afrilu a wannan gari, da ke haura digiri 40, yana gajiyar da na'ura. Rauta ta zamani tana da tasha biyu: mai lamba 2.4 ta fi ratsa bango amma ba ta da gudu sosai, mai lamba 5 ta fi gudu amma ba ta nisa. Talabijin da kwamfutar aiki gara a haɗa su da waya kai tsaye, tare da duba cewa kafar na'urar ba irin tsohuwar nan ba ce da ba ta wuce megabit 100. Zaren da ya shigo gida a sa shi cikin bututu saboda ɓera da fartanya, kada a lanƙwasa shi lanƙwasa mai tsanani, kada kuma yaro ko babba ya leƙa bakinsa, domin hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa amma yana iya yi masa lahani. Kafin su tafi, a gwada gudun a gabansu, a kuma sauya kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita.

Akwai waɗanda babban gudu ya zama musu bukata ta gaskiya, kuma bai kamata a hana su haƙƙinsu ba: mai shagon da ke yi wa ɗalibai rajistar JAMB, da cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, da mai ɗaukar bidiyon biki ko na bikin kamun kifi na Argungu da ke tura manyan fayiloli, da asibiti, da masana'antar shinkafa, da gidan haya mai ɗakuna da yawa. Su ma gudun turawa ya kamata su fi sa wa ido.

Kada kuma shigowar wayar gilashi ta sa ka jefar da layin wayarka. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku da dama sun lalace a lokaci guda a gaɓar Afirka ta Yamma, har harkar bankuna ta gamu da babban cikas a Nijeriya, a kan tudu kuwa masu aikin hanya da masu haƙar magudana suna tsinke waya ba dare ba rana, abin da ya sa a 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Idan jar fitila ta kama a akwatin, a ƙarƙashin haruffan LOS, ma'anarta haske ya yanke a hanya, kashewa da kunnawa ba za su yi magani ba. Ka kira kamfanin, ka karɓi lambar ƙorafi ka adana, in kuma suka wuce wa'adin da suka rubuta maka ba su gyara ba, sai ka kai ƙara ga NCC ta lambar 622, wadda kiranta kyauta ne.