Zaɓen Keke Mai Naɗewa

Keken da aka fi sani a ƙasar Kazaure shi ne babban nan mai taya inci 28, irin su Raleigh da Phoenix. Shi ne keken manomi da na ɗan kasuwa, yana ɗaukar buhun gero bai gaza ba. Amma akwai wani iri wanda ke da gaɓa a tsakiyar jikinsa. In an kwance maƙullin gaɓar sai keken ya naɗe biyu, mutum ya ɗauke shi a hannu.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A Yaƙin Duniya na Biyu, watau daga 1939 zuwa 1945, sojan Ingila masu saukowa da laima daga jirgin sama sun sauka da irinsa, ƙirar kamfanin BSA. A 1975 kuma wani Bature, Andrew Ritchie, ya tsara wanda ake kira Brompton a birnin London.

To, wanda ke son saye, kada ya fara da duban fenti. Ya fara tunanin hanyar da zai bi kullum. Tayar keke mai naɗewa ƙarama ce, galibi inci 16 ko 20. A kan kwalta ba ta da laifi. Amma ƙaramar taya nutsewa take yi cikin rairayi, rami kuwa ko ɗan ƙanƙane ne sai ta faɗa ciki ta girgiza mahayi. Saboda haka mutumin Babura wanda hanyarsa ta ƙauye ce mai yashi, in ya sayi irin wannan, tura shi zai riƙa yi, ya isa wurin aiki a makare, da gumi. Babban keke ya fi masa.

Wanda zai ci moriyarsa sosai shi ne mai haɗa tafiyarsa da mota. Misali malamin makaranta da ke zaune cikin garin Kazaure, yana koyarwa a wajen Roni ko Gwiwa. Sai ya hau zuwa tasha, ya naɗe keken, a sa masa a bayan mota. In ya sauka a bakin hanya ya warware shi, ya ƙarasa makaranta ba tare da ya biya ɗan acaɓa ba. Da dare kuma cikin ɗaki keken zai kwana, ɓarawo bai gan shi ba.

Wajen dubawa, gaɓar nan ita ce ran keken. Mai saye ya kulle ta, ya danne birkin gaba, ya jijjiga keken gaba da baya. In ya ji tana motsi ko tana ƙara, ko kuwa ya ga tsaga ko alamar walda kusa da ita, ya haƙura, kome arharsa. Wannan ya fi wajaba ga keken gwanjo, domin gaɓar da ta karye ana cikin gudu ba ta barin mahayi lafiya. Sa'an nan ya ɗaga sirdi daidai tsawonsa, ya ga ko ƙafarsa tana miƙewa a kan feda.

Taya inci 20 ta fi ta 16 daɗin hawa. Kafin ya biya kuɗi, ya tambayi mai gyaran keke na garinsu ko ana samun tayar da bututunta a kusa, ko sai an je Kano. Ƙayar tsidau ba ta raga wa kowace taya, faci kuwa yana da iyaka. Mai hawa tudu, kamar a ƙasar Roni mai duwatsu, ya nemi mai giya da birki mai kamawa sosai. Famfo da fitila kuma kada a bar su a kanti.