Yadda Ake Zaɓar Matsayin Haraji a Amurka Idan Ma'aurata Sun Raba Gida Ba Tare da Kotu Ba

A Amurka, mai cike takardar harajin gwamnatin tarayya, wato fom 1040, yana fara ne da zaɓar matsayinsa a wajen hukumar haraji ta IRS. Matsayin da ya zaɓa shi ne ke nuna yawan kuɗin da za a yafe wa haraji daga abin da ya samu a shekara, da irin rangwamen da zai iya nema. Wanda ya raba gida da matarsa, ko wadda ta bar gidan mijinta, ba tare da an je kotu ba, yakan rikice a nan, don a zahiri zaman ya ƙare amma a takarda auren yana nan.

Abu na farko shi ne duba halin da auren yake ciki a ranar 31 ga Disamba. Hukumar tana ɗaukar wannan rana a madadin shekarar gaba ɗaya, kuma dokar jihar da mutum yake zaune ita ce ke cewa yana da aure ko ba shi da shi. Idan babu hukuncin kotu na saki ko na raba zama, ma'aurata ne, ko da sun yi shekaru ba su ga juna ba. Yaji bai raba aure a idon hukumar, haka kuma sakin da miji ya furta ko ya rubuta a gida a cikin Amurka, komai ingancinsa a addini, sai ya bi ta kotun jiha kafin doka ta san da shi. Saboda haka matsayin marar aure ya fita daga lissafi. Saura hanyoyi uku.

Ta farko ita ce takardar haɗin gwiwa, inda su biyun za su haɗa kuɗin shigarsu a fom ɗaya, kowa ya sa hannu. Galibi ita ta fi sauƙin haraji: a shekarar 2024 kuɗin da ake yafewa kai-tsaye ya kai dala 29,200. Sai dai sa hannun yana da nauyi. Kowane ɗayansu yana ɗaukar alhakin harajin duka, da tara da kuɗin ruwa. Idan miji ya ɓoye ribar kasuwancinsa aka gano bayan shekara biyu, hukumar tana da ikon bin matar ta biya, ko da an riga an yi saki. Akwai fom 8857 na neman a wanke wanda bai san da laifin ba, amma ba kowa ke samu ba. Mutanen da amana ta riga ta yi rauni tsakaninsu, kuma ɗaya bai ga takardun ɗaya ba, bai kamata su yi gaggawar sa hannu don kwaɗayin ragi ba.

Hanya ta biyu, kowa ya cike tasa a matsayin mai aure. Wannan ba ta buƙatar yardar kowa, kuma mutum nasa kawai zai amsa. Kuɗinta ne da yawa. Abin da ake yafewa ya sauko zuwa dala 14,600 a 2024, rangwamen kuɗin makarantar gaba da sakandare ya tafi, haka ragin kuɗin ruwan bashin karatu, kuma asarar hannun jari da ake iya cirewa ta koma dala 1,500 maimakon 3,000. Idan ɗaya ya zaɓi lissafa kuɗin da ya kashe ɗaya bayan ɗaya, ɗayan ma dole ya bi, ya rasa yafewar kai-tsaye. A jihohi tara masu dokar dukiyar tarayya tsakanin ma'aurata, irin su Kalifoniya da Teksas da Arizona, akan raba kuɗin shigar biyu a fom 8958, ko da mutum ɗaya ne ya nemo, sai in an cika wasu sharuɗɗa na musamman na waɗanda suka rabu duk shekara.

Hanya ta uku ita ce ta mai riƙe da gida, kuma ita ce mutane suka fi rasawa don rashin sani. Doka ta yarda a ɗauki mai aure kamar marar aure idan ya cika sharuɗɗa duka. Zai cike takardarsa shi kaɗai. Shi ya biya fiye da rabin kuɗin tafiyar da gidan a shekarar: haya ko kuɗin ruwan bashin gida, harajin gida, inshorarsa, gyara, wuta da ruwa, da abincin da aka ci a cikinsa; amma tufafi da magani da kuɗin makaranta da na mota ba sa cikin lissafin. Abokin aurensa bai zauna a gidan ba a watanni shida na ƙarshen shekara, wato daga 1 ga Yuli. Wanda ya fita a watan Agusta ya ɓata wannan sharaɗi, haka wanda aiki ko jinya ko aikin soja ya ɗauke na ɗan lokaci, don ana lissafa shi yana gida. Sannan ɗansa, ko agolansa, ko yaron da hukuma ta ba shi riƙo, ya zauna a gidan fiye da rabin shekara, kuma yana da haƙƙin sa shi cikin waɗanda yake ɗaukar nauyinsu. Uwar da ta cika waɗannan a 2024 ta samu yafewar dala 21,900, da matakan haraji masu sauƙi, kuma zaɓin mijinta na lissafa kuɗin da ya kashe ɗaya bayan ɗaya bai shafe ta ba. Shi kuwa sai ya bi hanya ta biyu, in ba shi ma yana riƙe da wani yaron a nasa gidan ba.

Rigima ta fi tashi a kan yara. Hukumar tana ƙirga kwana ne: wanda yaro ya fi kwana a wajensa shi ne mai riƙo. Yana iya sakar wa ɗayan haƙƙin sa yaron a takardarsa ta hanyar fom 8332, amma matsayin mai riƙe da gida ba ya bin wannan fom, yana nan wajen mai riƙon.

Daga nan sai a lissafa harajin ta kowace hanyar da ta halatta, a kwatanta, a auna ragin da haɗarin. Wanda bai tabbata ba ya fi aminci ya fara da takardar kansa, don doka ta ba da shekara uku daga ranar wa'adi a gyara zuwa ta haɗin gwiwa da fom 1040-X. Wanda kuwa ya riga ya sa hannu a ta haɗin gwiwa ba ya iya komawa ta kansa da zarar wa'adin 15 ga Afrilu ya wuce.