Ihsan: sunan mace ne ko na namiji?

Sunan Ihsan ya yawaita nan Darki da Wudil, galibi ga 'ya'ya mata, har iyaye na tambayata: Malam, in an raɗa wa namiji, ba a kamanta shi da mata ba?

A'a. Ihsan masdari ne na "ahsana", wato kyautatawa, bai keɓanta da jinsi ɗaya ba. Ihsan Ilahi Zahir, malamin Pakistan da ya rasu a 1987, ai namiji ne. Don haka kar a canja wa yaro suna, kar kuma a bari ana tsokanarsa a Islamiyya.

Sai furuci. Gaɓa biyu ce: Ih-saan. Ha ƙarami ne mai ɗauri, daga tsakiyar maƙogwaro, sannan a ja "saa". Ba "Ihisan" ba, ba "Isan" ba, balle "Insan", wanda ke nufin mutum kawai.

A hadisin Jibrilu da Muslim ya ruwaito, ihsani shi ne bawa ya yi ibada da sakankancewar Allah na ganinsa. Wanda ya raɗa sunan, to ya koya wa yaron ma'anarsa.

Allah Ya raya mana su bisa sunna.