Darasi na 9: "Takwas Cikin Goma" In Ji Wa?

Manufa: a ƙarshen zaman nan, kowace mace za ta iya gwada maganar lissafi kafin a taɓa kuɗin akwati.

Kayan aiki: ƙwarya, gwangwani, farar masara, jar masara, takarda da biro.

Abin da ya faru

Iyayena da 'yan'uwana, tsarin asusun nan namu ya samo asali ne daga Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi ta Nijar a 1991. Dubara kuwa ta haɗa da sanin inda za a sa kuɗi.

Bara, a wata ƙungiya da nake zagayawa a wani ƙauye kusa da Dabai, wani dillali ya zo da tayin injin niƙa. Ya ce: "Gidaje takwas cikin goma a nan, duk mako sai sun kai niƙan dawa cikin garin Zuru. In kun sayi inji, cinikin naku ne." Kuɗin injin kuwa zai kwashe kusan duk abin da ke akwati. Wasu har sun fara ɗaga hannu. Sai ma'ajiya, wata dattijuwa, ta ce: "Ɗana, kai ka ƙirga su?" Shiru. To, sai muka ce gani ya kori ji, bari mu gwada.

Ba sai an tambayi kowa ba

Mai miya ba ta shanye tukunya don ta ji gishiri. Cokali ɗaya ya isa, amma fa sai ta juya tukuna. Haka manyan bincike suke yi. A binciken lafiyar al'umma na 2018, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta tattauna da mata dubu 40 da ɗoriya ne kawai, ta fitar da bayanin Najeriya baki ɗaya. Juya tukunyarsu ita ce zaɓen gidaje ta hanyar ƙuri'a, ba son rai ba.

Aikin rukuni

1. A zuba gwangwani 4 na farar masara da gwangwani 1 na ja a ƙwarya, a cakuɗa sosai. Kun ga farar ta zama 8 cikin 10 ke nan, wato kashi 80 cikin 100.
2. Kowace mace ta rufe ido, ta tsinci ƙwaya 25 ɗaya bayan ɗaya.
3. Ta ƙirga farare, a rubuta, ta mayar, a sake cakuɗawa.

Lissafi ya ce 20 ake sa rai. Amma za ku ga wata ta sami 19, wata 22, wata 17. Wannan ba kuskure ba ne, sa'ar hannu ce. Kusan kowa za ta faɗa tsakanin 16 da 24. Ku riƙe wannan iyaka: idan da gaske 8 cikin 10 ne, da wuya a faɗo ƙasa da 16.

Yadda muka gwada maganar dillali

Mun je wurin mai unguwa, muka rubuta sunan kowane gida a 'yar takarda, muka nannaɗe, muka zuba a ƙwarya. Wani yaro ya zaro 25. Ba mu ce a tambayi maƙwabta ko ƙawaye ba, don masu zama wuri ɗaya sukan yi abu iri ɗaya. Kowane gida tambaya ɗaya muka yi: "A makon da ya wuce, a ina kuka yi niƙa?" Ba mu ce "ai kuna son inji, ko?" ba, don mutane za su amsa saboda kara.

Gidaje 11 ne kaɗai suka kai niƙa Zuru. Sauran, wasu suna daka, wasu suna kai wa wani inji a ƙauyen gaba. Da maganarsa gaskiya ce, yiwuwar samun 11 ko ƙasa da haka bai kai sau ɗaya cikin dubu ba. Ƙungiya ta fasa sayen injin, kuɗin ya ci gaba da fita rance ga mambobi har ranar rabo.

A kula

- Da mun sami 18, ba za mu ce ya yi ƙarya ba. Amma ba za mu ce ta tabbata ba. Sai dai mu ce ba mu kama shi ba, mu ƙara tambaya.
- Yawan gidaje na ƙara kaifin gwaji. Da gida 100 muka tambaya, iyakar za ta zama 72 zuwa 88.
- Gidan da ba a tarar da kowa ba, a koma. Kada a musanya shi da na kusa.

Tambayoyin tattaunawa

1. Wace magana irin ta "yawancin mata" ko "rabin gari" kuka ji kwanan nan? Wa ya faɗa, me zai samu in kun yarda?
2. Mai sayar da iri ya ce 8 cikin 10 za su tsiro. Kun shuka 25, 14 suka fito. Za ku saya?

Kafin zama na gaba, kowane rukuni ya zaɓi magana ɗaya, ya gwada ta, ya kawo mana sakamako.