Daga Gonar Zoɓo Zuwa Kofin Karkade: Darasi Kan Cinikin Adalci

 

'Yan'uwa, abin da Misirawa ke kira karkade, wanda ake sha da sanyi ko da zafi a gidajen shayin Alƙahira, musamman a watan Ramadan, shi ne zoɓon da muka tashi muna sha a gida. Wanda ake sayarwa a nan yawanci daga yankin Aswan da ƙasar Sudan yake zuwa. Namu kuwa, na Jigawa da Kano da Katsina, akan tara shi a kasuwanni irin ta Maigatari, a tankaɗe, a ɗura a buhu, mafi yawansa ya nufi Mekziko. Tsakanin matar da ta ɓare shi da hannu da wanda ya kurɓa akwai hannuwa da yawa, kowane da rabonsa. Darasinmu na yau shi ne: me ya sa rabon hannun farko ya fi kowane ƙanƙanta, kuma me addini da tsarin cinikin adalci suka tanadar a kai?

Inda raunin manomi yake

Abubuwa uku ne ke karya farashin manomi. Na farko, bukata: ya ci bashin taki da abinci da damina, saboda haka dole ya sayar da kaka, lokacin da kaya suka cika kasuwa. Na biyu, rashin labari: mai saye ya san farashin Legas da na ƙetare, shi kuwa bai san abin da ya wuce kasuwar ƙauyensu ba. Na uku, kaɗaici: mai buhu biyar ba ya iya jayayya da mai cika tirela. Ga kuma haɗarin da ba shi ya jawo ba. Lokacin da Mekziko ta dakatar da shigo da zoɓon Nijeriya na wasu shekaru saboda ƙwarin ajiya, farashi ya faɗi, kuma asarar ta gangaro har gona.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama babbar hajar Arewa, har aka riƙa jera dalar buhuna. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, wadda ke yanke farashi da sunan kare manomi daga hawa da saukar kasuwar duniya. A shekaru da dama farashin da take biya ya yi ƙasa da na duniya, rarar kuma ta shiga baitulmalin gwamnati. An rushe irin waɗannan hukumomi a 1986, manomi ya koma hannun 'yan baranda. Abin lura shi ne, ko a ƙarƙashin hukuma ko a sakakkiyar kasuwa, ba a zaunar da shi wurin yanke farashi ba.

Abin da shari'a ta riga ta tanada

Alƙur'ani ya keɓe sura guda, Muɗaffifina, don gargaɗin masu cika mudu idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar, ya kuma ba da labarin halakar mutanen Madyana da suka ƙi jin kiran Annabi Shu'aibu kan awo. Sai dai hukuncin da ya fi kusa da batunmu shi ne hanin tarbar fatake a hanya kafin su iso kasuwa. Dalilinsa a fili yake: baƙon bai san farashi ba tukuna, mai tarbar kuwa ya sani. A ruwayar Muslim, an ba mai kayan zaɓin warware cinikin idan ya iso kasuwa. Ke nan yardar da aka gina kan jahilcin ɗaya ɓangare ba cikakkiyar yarda ba ce. Haka nan an hana ɓoye abinci don ya yi tsada, da ƙara farashi na yaudara daga wanda ba shi da niyyar saye.

A ɗaya gefen, shari'a ta buɗe wa manomi ƙofar samun jari ba tare da riba ba, wato cinikin salam: a biya kuɗi yanzu, a karɓi kaya nan gaba, da sharaɗin a san nau'i da awo da ajali. Malikawa sun yarda a jinkirta biyan kuɗin har kwana 3, sun kuma sa mafi ƙarancin ajali kwana 15. Akwai kuma aikin hisba don sa ido kan ma'auni da algus. A wannan birni na Alƙahira, masanin tarihi Maƙrizi ya riƙe muƙamin muhtasibi a 1399.

Yadda tsarin zamani yake aiki

Alamar cinikin adalci ta farko, Max Havelaar, ta fito a Holan a 1988, a kan kofin ƙananan manoman Mekziko. Shekara guda bayan haka yarjejeniyar ƙayyade kason kofi ta duniya ta rushe, farashi ya rikito, sai amfanin tsarin ya bayyana. A 1997 ƙungiyoyin alamar suka haɗu ƙarƙashin inuwa ɗaya mai hedikwata a Bon ta Jamus, wadda aka sani yau da Fairtrade.

Ginshiƙansa huɗu ne. Akwai farashin ƙasa da ba a sauka daga gare shi. Idan kasuwa ta haura, a biya na kasuwa. Akwai ƙarin kuɗi da ake ba ƙungiyar manoma, su yanke da kansu ko rijiya za su haƙa ko rumbu za su gina. A 2019, misali, farashin ƙasa na koko ya zama dala 2,400 kan tan, ƙarin kuma dala 240. Akwai ba da wani kaso na kuɗin kaya kafin girbi, wanda ya yi kama da salam. Sannan dole ƙananan manoma su kasance cikin ƙungiya mai zaɓen shugabanninta. Farashin ƙasan nan alkawari ne da mai saye ya ɗaukar wa kansa, don haka ya bambanta da ƙayyade farashi na hukuma, wanda malamai suka yi saɓani a kansa.

Misali mafi kusa da mu shi ne Kuapa Kokoo ta Gana, ƙungiyar manoman koko da aka kafa a 1993, wadda ta mallaki hannun jari a kamfanin cakulan Divine na Ingila. A nan Masar akwai Fair Trade Egypt, da ta fara a 1998, tana sayar da aikin masaƙa da maginan tukwane na karkara a Zamalek. Akwai kuma SEKEM, da Ibrahim Abul-Aish ya kafa a 1977 a hamada kusa da Bilbis, mai ƙulla yarjejeniya da manoma kan auduga da ganyen shayi.

Iyakarsa

Kada mu ɗauki tambari a matsayin waraka. Samun takardar shaida na cin kuɗi, don haka mafi talaucin manoma sukan tsaya a waje. Ƙungiya kan sayar da wani kaso kawai na amfaninta da wannan farashi, saura ya tafi kasuwar kowa. 'Yan ƙodago da matan da ke ɓarar zoɓo kuwa ba lalle ne alherin ya kai gare su ba. Ita ma salam, idan aka matse mabukaci aka saya rabin farashi, sharuɗɗanta na iya cika amma zalunci na nan.

Abin da ya rage gare mu

Da yawanmu, ɗalibai da 'yan kasuwa, muna aika kuɗi gida a saya mana zoɓo, riɗi, citta ko ƙiraga. Duk wanda ya yi haka ya zama ɗaya daga cikin hannuwan nan, kuma ba ya bukatar tambari kafin ya yi adalci. Ya tambayi wakilinsa nawa aka ba manomi, kuma da wane kwano aka auna. Ya fifita sikeli a kan mudun da ake tulawa. Ya sanar da mai kaya farashin birni kafin a ƙulla ciniki. Idan zai ba da kuɗi kafin kaka, a rubuta, a kafa shaidu, farashin kuma ya zama wanda ba zai ji kunyar faɗa a masallaci ba. Ya biya masu ɓara da masu dako a kan kari. Ƙungiyarmu ma na iya haɗa kai da ƙungiyar manoma guda a gida, a saya daga gare su kai tsaye shekara bayan shekara, domin tabbacin mai saye ya fi wa manomi tsadar kaka ɗaya.

Ribarmu na iya raguwa kaɗan, amma za a tambayi kowane bawa ta ina ya sami dukiyarsa. Allah Ya tsarkake mana nemanmu, Ya sa albarka a gumin manomanmu. Amin.