Darasi Na Bakwai: Rubutun Bayani Kan Gyaran Sifirin Ɗin Tsohuwar Mota

1.0 Gabatarwa

Rubutun bayani shi ne wanda ake fayyace yadda abu yake, ko yadda ake aiwatar da shi, daki-daki. An zaɓi gyaran motar MGB a matsayin misali, domin aiki ne da saɓa tsarinsa kan jawo asarar kuɗi, wani lokaci har da rauni.

2.0 Motar MGB

MGB ƙaramar mota ce mai gudu, wadda aka ƙera a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980, kuma adadinta ya haura 500,000. A gabanta akwai sifirin mai naɗi, a bayanta kuwa sifirin mai falle-falle, wato fallayen ƙarfe da aka jera bisa juna, irin na a-kori-kura.

3.0 Dalilin Durƙushewa

Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota. Yau da gobe ƙarfensa kan gaji, lanƙwasar fallayen ta miƙe, robobin da ke riƙe da shi su ruɓe. Daga nan sai motar ta durƙushe ko ta karkace, ta riƙa dukan ƙasa a gargada, ta kuma yi wuyar sarrafawa a kwana. Abin lura a nan shi ne, shokazoba ba ta ɗaukar nauyi. Aikinta kwantar da tsalle ne kawai. Saboda haka wanda ya sauya ta domin ya ɗaga motar ya yi aikin baban giwa.

4.0 Matakan Gyara

i. A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a daidaita iskar tayoyi, sannan a auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin jikin motar, a kwatanta hagu da dama.

ii. A tantance shekarar ƙira. Daga ƙarshen 1974 an ƙara wa motar tsayi, an kuma sa mata bamba ta roba don cika dokokin Amurka, don haka sifirin ɗinta ya bambanta da na farko.

iii. A ɗaga ta da jak, a tokare ta da matokaran ƙarfe. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

iv. A sauya sifirin biyu-biyu, hagu da dama, tare da sababbin robobi. Na gaba a matse yake ƙwarai, don haka sai an tallafe mazauninsa da jak a sassauta shi sannu a hankali, in ba haka ba ya ɓalle ya ji wa makaniki ciwo.

v. Kada a ƙarasa ɗaure notuna sai tayoyin sun sauka ƙasa. Idan aka ɗaure su motar na rataye, robobin za su murɗe su yage da wuri.

5.0 Kammalawa

An ga cewa awo ne ke gano cuta, kuma kowane mataki ya dogara da wanda ya gabace shi. Wajibi ne malami ya koya wa ɗalibansa wannan jerantawa, domin bayanin da ya tsallake mataki ɗaya na iya cutar da mai bin sa.

6.0 Jinga

1. Mene ne bambancin aikin sifirin da na shokazoba?
2. Me zai faru idan aka gabatar da mataki na biyar kafin a sauke motar?
3. A fito da kalmomin aro biyar daga darasin, a nuna yadda suka bi tsarin gaɓar Hausa.